Tace gidajen haya da adadin sharuɗɗa: abin da aka tattauna

Wani matashi a Nima, Akra, yana haɗa rumbun bayanan ɗakunan haya, ya nemi shawara kan yadda zai tace su da SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Sharuɗɗansa uku ne: famfo, mitar wuta, da haya ƙasa da sidi 600. Damuwarsa, AND (sai an cika duka sharuɗɗan) na fitar da ɗakuna kaɗan, OR kuma (ko ɗaya ya isa) ya kwaso tarkace. Shi ɗakin da ya cika aƙalla biyu cikin uku yake nema.

Mafi yawan masu ba da shawara sun ce a ba kowane sharaɗi maki: CASE WHEN famfo = 1 THEN 1 ELSE 0 END (in akwai famfo maki 1, in ba haka ba 0), haka sauran, a tara su, a ɗauki wanda ya kai 2. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL ma sharaɗi da kansa 1 ne ko 0, sai a haɗa su da alamar tarawa kawai. A manhajar PostgreSQL kuwa sai an sa ::int don mayar da sharaɗin lamba.

Inda aka fi jan kunne shi ne NULL, wato gurbin da ba a cike ba. Ɗaki ɗaya da dillali bai rubuta mitarsa ba, jimillar ta zama NULL, ɗakin ya ɓace shiru. CASE ba ya faɗawa wannan rami, shi ya sa na fi son sa.

An kuma tuna masa: WHERE, sashen da ke tacewa, ba ya gane sunan da aka laƙaba wa jimillar a SELECT, sashen zaɓen abin da za a nuna. Sai ya maimaita lissafin, ko ya naɗe tambayar cikin wata, ya jera da ORDER BY.