Masu ɗaukar hoton dabbobi a ƙauye, ya kuke yi ne?

Ɗan Gezawa: Salam jama'a. Ni hoton da ba a shirya ba nake so, mutum na tsaka da aikinsa, amma da na ɗaga waya sai kowa ya ƙame kamar za a yi masa fasfo, yara kuma su cika min gaba suna ɗaga yatsu biyu. Ya kuke yi don Allah?

Mai Tecno: Hhh yara ai sai ka fara da su, ka ɗauka ka nuna musu, in sun gaji da kansu za su watse. Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari, na zauna gefen wani dillali kusan awa 2, har shayi muka sha, sai da ya manta ina wajen sannan na samu wanda har yau ban yi kamarsa ba: ya buɗe bakin wani rago Uda yana duba haƙora, mai saye ya leƙo kai, shi ko ragon ya zaro ido kamar ya san kuɗinsa ake yi.

'Yar Ringim: Yayana in ruga za ka, kar ka soma ɗaukar shanu ba ka gaisa ba. Ni na taɓa yi, wani dattijo ya taso da sanda a kafaɗa ya ce ƙirga masa dukiya nake, wallahi sai da na yi ta sannu Baffa, na sayi nono ƙwarya guda kafin ya sauko. Washegari shi da kansa ya ce in zo da asuba in ga tatsa. Matan aure kam sai an ce min bismillah.

Na Wudil: Gaskiya ne ƙanwata. Sai batun haske. Sa Bunaji fari ne fat, in ka ɗauke shi da rana tsaka fatar wankewa take, ko tozon ba ka rabewa. Ka bari sai la'asar sakaliya garke na dawowa, ƙura ta tashi, rana na bayansu, balbela na biye. Ka durƙusa daidai tsayin dabbar, amma ka dinga waiwaye, ni a kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a ina durƙushe wani rago Balami ya tunkuyo ni ta baya, gilashin waya ya tafi.

Ɗan Gezawa: Ayya sannu. Hoton ya fita dai?

Na Wudil: Ya fita mana, sama ce da ƙafar wani mutum.