Tsutsar mangwaro: bishiyar gida da lambun maƙwabci

Mai Lambu: Salamu alaikum. Masu lambun sayarwa suna feshi, amma da ruwan farko ya sauka sai tsutsa ta cika mangwaron, kuma ana ɗora laifin kan bishiyoyin gidajen da ke kewaye. Wanda ya san abin da ke aiki ya faɗa mana.

Baban Gwaiba: Wa alaikumus salam. Zargin yana da tushe. Wani baƙon ƙudan 'ya'yan itace ne, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya a 2003. Macen tana huda ɓawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta cinye ciki, mangwaron ya faɗo, ta shige ƙasa, ta fito ƙuda. Da zafi, mako uku zuwa huɗu ya ishe ta. Gwaiba da lemu da kashu su ke riƙe ta bayan mangwaro ya ƙare. Don haka a riƙa tsince wanda ya zube duk bayan kwana biyu, a ɗaure a baƙar leda mara huji, a bar ta a rana aƙalla kwana uku. In binnewa za a yi, ramin ya kai rabin mita. Watsa shi a bola kiwon ƙuda ne kawai.

Hajiya Mai Dashe: Tarko kuma robar ruwa ce mai huji huɗu a kafaɗa. A rataya auduga a ciki da methyl eugenol (sinadari mai ƙamshin da ke jawo ƙudan) da ɗan maganin ƙwari, a sa a inuwar bishiya, tsayin mita biyu, a sabunta bayan mako shida. Amma maza kaɗai yake kamawa, kuma ƙudan mangwaro na asalin Afirka ba ya kula shi.

Malamin Gona: Gaskiya ne, Hajiya. Na mace shi ne GF-120, wato abincin jawo ƙuda da aka haɗa da guba: kashi ɗaya a ruwa kashi biyar, a fesa wa ganye kamar faɗin mita ɗaya a kowace bishiya, ban da 'ya'yan. Duk mako, kuma a sake in ruwa ya wanke. Masu mangwaro irin Kent da Keitt su fi kiyayewa, don nunarsu na shiga damina.

Baban Gwaiba: Kuma kar a ƙone gidan jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye. Suna cizo wurin tsinka, amma ƙudan na gudun bishiyar da suke.

Mai Lambu: Madalla. Mai lambu kenan ya raba wa maƙwabta leda da tarko kafin 'ya'yan su ƙosa.