Gardamar Yankees ta haɗa ni da yayan matata, ku ba ni shawara

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ina zaune a Bronx a birnin New York, ina tuƙin haya da dare, kuma motar da nake ja ta yayan matata ce. Shi yake fita da rana, ni in karɓa da yamma. Shi ya koya mini kallon besbol, shi ya fara ɗaukata a jirgin ƙasa mai lamba 4 ya kai ni filin ƙungiyar Yankees.

Kun san ranar 31 ga Yulin 2025 Yankees suka yi musaya suka kawo masu jifa uku, David Bednar daga Pittsburgh, Camilo Doval daga San Francisco, da Jake Bird daga Colorado. Washegari a Miami aka saka su ukun, kowanne aka ci maki a hannunsa, aka tashi 13 da 12 an cinye mu. Ranar Lahadi muka haɗu a wajen suna, maza sun cika falo ana cin abinci, sai maganar ta taso. Na ce matsalarmu kocinmu Aaron Boone ne, ko wa aka kawo masa bai san lokacin da zai saka shi ba. Yaya ya ce koci ba ya jifa, 'yan wasa ke jifa.

Sai na tuna masa wasan farko na World Series, wato jerin wasannin cin kofi, na 2024 tsakaninmu da Dodgers na Los Angeles. Gerrit Cole namu yana jifa lafiya lau, maki ɗaya kacal aka ci shi, aka cire shi a zagaye na bakwai bayan jifa 88. Aka je zagaye na goma muna gaba 3 da 2. Mutum biyu suna ɗumama hannu, Tim Hill da Nestor Cortes. Hill yana ta wasa a wancan watan kuma yana ƙoƙari. Cortes kuwa rabonsa da jifa tun tsakiyar Satumba saboda ciwon gwiwar hannu. Wa aka kira? Cortes. Ohtani na Dodgers ya buga ta tashi sama, Verdugo namu ya cafke har ya faɗa cikin 'yan kallo, aka bar Mookie Betts ya wuce tashar farko da gangan, tashoshi ukun suka cika da 'yan Dodgers, sai Freddie Freeman ya ɗauke jifar farko ya watsa ta waje. Maki huɗu a bugu ɗaya, 6 da 3. Ni a mota nake sauraro, na ajiye fasinja, na faka gefen hanya, na kasa ci gaba da aiki a daren. Har yau abin yana ci mini rai.

To daga nan magana ta yi tsawo, na faɗi abin da na faɗa, Yaya ya ajiye cokali ya tashi ya fita. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata. Makullin mota ma yaronsa yake ba wa ya sauko mini da shi. Matata ta tayar da hankalinta. Ni kuma ban ga inda na yi ƙarya ba. In je in same shi, ko in ƙyale shi ya huce?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ba mu labarin wasa tiryan-tiryan har da yawan jifa, amma da ka zo kan abin da ya kawo ka sai ka ce "na faɗi abin da na faɗa". Me ka faɗa? Yayan mace suruki ne, ba abokin wasanka ba ne. Da ƙaninta ne sai a ce raha ce.

Tsohon Direba:
Ku saurara in gaya muku, tun zamanin koci Joe Torre nake bin ƙungiyar nan. Kai da surukinka duk kun kauce hanya. Boone ba shi ke yanke shawara shi kaɗai ba. Kafin a fara wasa mutanen ofis sun zauna da kwamfuta sun tsara wane mai jifa zai fuskanci wane mai bugu. Haka duk ƙungiyoyi suke yanzu. Ka manta 2020? Blake Snell na Tampa ya hana Dodgers motsi a wasa na shida na World Series, jifa 73 kawai ya yi, kocinsa Kevin Cash ya fito ya karɓe ƙwallon, Tampa ta rasa kofi a daren. Shi ma Boone ne? In kana neman mai laifi ka dubi Brian Cashman, babban manajan da ke cinikin 'yan wasa, wanda yake kan kujera tun 1998. Shi ya ba da Jordan Montgomery a 2022 ya karɓo Harrison Bader da ƙafa a ɗaure, shekara ta zagayo Montgomery ya ɗaga kofi da Texas. Shi ya ba da Michael King saboda Juan Soto, Soto ya yi mana shekara ɗaya ya tsallaka Queens wurin ƙungiyar Mets. Shawarata, kada ka je ba da haƙuri yanzu. In ka je da zafi-zafi zai ɗauka saboda mota ka zo.

Baban Amira:
Alhaji, na ji maganar ofis, amma kwamfuta ba ta taka zuwa tsakiyar fili ta ɗaga hannun hagu ta kira mai jifa bahago. Mutum ne ya kalli masu jifa biyu ya zaɓi wanda ya fi wata ɗaya bai jefa ƙwallo a wasa ba. Hajiya, ban zage shi ba wallahi. Cewa kawai na yi wanda ya ga daren nan kuma har yanzu yana kare Boone, to kallo yake yi, ba fahimta ba. Kuma shi ya fara cewa ni ɗan jiya ne a wasan.

Maman Biyu:
A gaban mutane? Mutumin da ya koya maka wasan, ya ba ka motarsa? Haba Baban Amira. Magana zarar bunu ce. Ni abin da ya fi damuna matarka, tana tsakanin miji da ɗan'uwa. Na san wannan halin. Maigidana da yayana sun taɓa samun saɓani a kan kuɗin kwantena da aka tura gida, aka yi Sallah biyu ba su gaisa ba, ni ce kullum a waya ina lallashin wannan ina lallashin wancan, su kuma kowa yana barcinsa. Har yau in na tuna zuciyata ɓaci take. Ka je yau, kada ka kai gobe.

Ɗan Queens:
Gaskiya ɗaya ce, ku 'yan Yankees ba ku da haƙuri da masu jifarku. Clay Holmes kun yi masa ihu har ya bar muku, ga shi a Mets yana buɗe wasa. Cortes ya dawo daga ciwo don ya taimaka, ya jefa ƙwallo biyu, kuka ɗora masa duk laifin duniya, a Disamba aka haɗa shi da Caleb Durbin aka tura Milwaukee don a karɓo Devin Williams. Williams ɗin wata ɗaya kacal ya yi aka karɓe masa rufe wasa, wato jifan zagayen ƙarshe. Yanzu kuma kun koma kan junanku.

Tsohon Direba:
Ɗan Queens, ba da ku ake ba. Wanda ya biya dala miliyan 765 a kan Soto shi kaɗai bai isa ya koya wa kowa ciniki ba. Baban Amira, bari in ƙara maka abin da ba ka lissafa ba. Tun 2020 doka ta ce mai jifa in ya shigo sai ya fuskanci mutum uku ko a gama zagayen. A layi akwai Ohtani, Betts, Freeman, biyu daga cikinsu bahagwai ne. Dole bahago za a kira. Ko Hill aka saka, su ɗin dai zai tarar, kuma babu wanda ya ba ka tabbacin zai tsira. Sannan kofin nan ba a wasan farko aka rasa shi ba. A wasa na biyar muna gaba 5 da 0 a gida, Judge ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a hannu, Volpe ya yi jifar banza, Cole bai ruga ya tsare tashar farko ba, aka farke duka biyar a zagaye ɗaya, aka ƙare 7 da 6. Wanne ne na Boone a ciki? Mu da muka ga Mariano Rivera an lalata mana ido. Mutum ɗaya ya rufe wasa 652, in ya fito sai ka fara neman takalminka. Ba za a sake irinsa ba, kowane koci kuma da wannan ma'aunin muke yi masa hukunci. Surukinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma na sake faɗa, kada ka je yanzu.

Malam na Masallaci:
Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Ba ya halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Baban Amira, ka sami dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa ku je tare bayan Isha'i. Kada ka ɗauko zancen wasa ko kaɗan.

Ɗan Fagge:
Ni daga Kano nake karantawa, ban san wasan nan ba, amma na san irinta. A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu an taɓa raba abokai biyu da suka tashi tare saboda canjin ɗan wasa a minti na tamanin. Tambayata ita ce motar. Akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku? Nawa kake ba shi a mako? Kuma yana bin ka wani abu? Don wani lokaci gardamar ƙwallo ita ce ta fito fili, abin da ke ƙasa daban ne.

Baban Amira:
Maganar kuɗi ba ta shigo nan ba, tsakaninmu ne, kuma ya san halin da ake ciki tun watan azumi. Malam, na gode, amma ai ina yi masa sallama, shi ne ba ya amsawa, to nauyin yana kan wa? In na ɗauki dattijo na je, kamar na yarda ke nan cewa ni ɗan jiya ne. Alhaji, dokar mutum uku ba ta canza komai ba, Hill ma bahago ne, kuma hannunsa da zafinsa. Da an ci wasan farko a Los Angeles da duk jerin ya sauya. Wannan ko a gaban waye zan maimaita.

Maman Biyu:
"Halin da ake ciki tun watan azumi" kuma? Ashe akwai wata a ƙasa. Ka amsa wa Ɗan Fagge tambayarsa tukuna.

Tsohon Direba:
Hajiya, bar batun kuɗi, yaron nan yana da kuskure a lissafinsa kuma sai na gyara masa. "Da an ci da ya sauya" ba hujja ba ce. A wasa na biyu da na uku maki nawa muka ci? Bibbiyu. Ko Rivera ka dawo da shi ba zai riƙe maka sanda ya buga ba. Kuma Bednar ɗin da kuke zagi saboda dare ɗaya a Miami, ku ba shi wata guda ku gani, ni na ce shi zai riƙe zagaye na tara. Ɗan Queens, kai kuma ina jiranka a Satumba.