Ɗana yana son aikin kula da raunin 'yan wasa, ina ake karanta shi?

Mai Shago, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jami'a a cikinku. Babban ɗana zai rubuta jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE a bana, kimiyya yake karantawa, kuma tun da ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan unguwa ya bar zancen zama ɗan ƙwallo, ya koma zancen zama mai kula da raunin 'yan wasa. Ya nuna mini bidiyon Amurkawa masu shiga fili da jaka idan ɗan wasa ya faɗi, ya ce karatu ne na musamman. Ni dai a tunanina mai gudu da bokitin ƙanƙara a filin Baba Yara ba ya bukatar digiri, kuma ranar da yaron ya ji ciwo wurin mai ɗori muka fara kai shi kafin asibiti. Shin ana yin wannan karatu a Ghana, kuma in an gama akwai abinci a cikinsa?

Fisiyo, Asawase:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da yaron ya gani sana'a ce mai zaman kanta a Amurka, inda masu yin ta suka kafa ƙungiyarsu tun 1950, kuma a yau sai mutum ya yi digiri na biyu a makarantar da aka amince da ita, ya ci jarrabawar hukumarsu, kafin ya amsa sunan. A nan ƙasar wanda yake riƙe da wannan aiki a hukumance shi ne likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar gashi da motsa jiki, don haka ta wannan ƙofa ya kamata ya shiga.

Ba sai ya yi nisa ba. Jami'ar KNUST da ke nan Kumasi tana da digirin shekara 4 da ya haɗa fisiyo da kimiyyar wasanni. Jami'ar Ghana tana koyar da fisiyo a Korle Bu, a Ankara, sannan akwai jami'ar kiwon lafiya ta UHAS a garin Ho. Gurabe kaɗan ne kuma masu nema suna da yawa, saboda haka ya dage a kan ilimin halittu, kemistiri da fiziks, kada ya tsaya a kan cin C6 kawai, wato mafi ƙarancin makin kiredit. Bayan digiri akwai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, sai jarrabawar lasisi ta majalisar da dokar 2013 ta ɗora wa kula da irin waɗannan sana'o'in lafiya. Batun bokitin ƙanƙara kuwa, Alhaji, ɗaukarsa kowa ya iya. Abin da ake karantawa shi ne yadda za a tantance cikin minti ɗaya ko targaɗe ne, ko jijiyar gwiwa ce ta tsinke, ko kuwa bugun kai ne da zai sa a hana yaro komawa fili ko da koci yana kumfar baki.

Tsohon Mai Jaka, Tafo Zango:
Gaskiya ne abin da ɗan'uwana ya faɗa, amma bari in ƙara wanda ba a rubutawa a takardar neman shiga jami'a. Na yi kaka uku ina bin wata ƙungiya ta rukuni na ɗaya, wadda ba zan kama sunanta ba. Ranar wasa nakan tashi tun asuba in sayi ruwan leda mai ƙanƙara a bakin tasha in cika kula, da kuɗin aljihuna nake sayen bandeji da man zafi, kuma akwai lokacin da muka yi wata biyar ba a ba mu ko sidi ɗaya ba, sai alkawari bayan kowace nasara. Ƙungiyoyi irin su Kotoko da Hearts da tawagogin ƙasa suna ɗaukar ƙwararru, amma kujerun nawa ne? Shawarata, Alhaji, yaron ya riƙi lasisi da aikin asibiti a matsayin uwa, ya ɗauki fili a matsayin ƙari. Wanda ya iya farfaɗo da ƙafar mai shanyewar ɓarin jiki ba zai rasa aiki ba ko an rufe gasar ƙwallo gaba ɗaya.

Malamar Motsa Jiki, Sawaba:
Baba, a tambayi yaron da kyau, domin da yawa daga ɗalibaina sukan haɗa wannan aiki da na horarwa. Idan horar da 'yan wasa yake so, hanyarsa ita ce Jami'ar Ilimi ta Winneba ko ta Cape Coast, tare da lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, wanda hukumar ƙwallon ƙasa take shiryawa. Idan kuma jinya ce a ransa, to ya fara da koyon taimakon gaggawa da danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya tun yanzu, a hutun da zai samu bayan jarrabawa. Ba mu manta da ɗan ƙwallon Ghana Raphael Dwamena ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Albaniya a watan Nuwamban 2023, Allah bai yi zai tashi ba.

Mai Shago, Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta masa amsoshinku jiya bayan sallar isha'i, ya ce jinyar yake so, ba horarwa ba, sai dai fiziks ne yake ba shi wahala. Malam Fisiyo, idan ba damuwa, zan so ka ba shi lokaci wata Asabar ya zo ya ga yadda aikin yake da idonsa kafin mu sayi fom.