Neman shawara: yaya zan kawo wa Baba keken mutum biyu daga Ingila har Gusau?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Tudun Wadan Gusau ne, ina aikin jinya a Ingila, kuma in Allah Ya yarda wata mai kamawa zan zo hutu gida. Mahaifinmu tsohon malamin firamare ne, kusan duk shekarun aikinsa a kan keken Rali ya yi su. Hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, yau shekara huɗu. Zuwana na bara na same shi a zaure ya sa an fito masa da keken, yana shafa sirdin, yana juya feda da hannu don kawai ya ji ƙarar kaca. Bai ce komai ba, ni ma na kasa.

A nan Ingila na ga makafi suna hawan keke mai sirdi biyu da feda biyu. Mai ido yana gaba riƙe da kan keke da birki, makaho yana baya yana taka feda. Na yi tari na sayi na hannu. Irin wanda ake kwancewa ne, bututun jikinsa suna da mahaɗai masu zare da ake kira S&S, yana rabuwa gida uku ya shiga akwati biyu. Niyyata in sauka Abuja, in shiga jirgin ƙasa daga tashar Idu zuwa ta Rigasa a Kaduna, daga nan in ɗauki mota zuwa gida. Ban taɓa tafiya da irin wannan kaya ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka, ina tsoron in isa gaban Baba da ƙarfen da ba zai haɗu ba.

Ɗan Tsafe mazaunin Jamus:
Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka, Ya ba Baba lafiya. Ina da mai mahaɗan nan, amma na mutum ɗaya. Akwatin da ake yi masa inci 26 ne da 26 da 10, in ka tara ya ba ka inci 62, wato santimita 158, kuma shi ne iyakar girman jakar da yawancin kamfanonin jirgi suke karɓa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Don haka girma ba zai dame ka ba, nauyi ne abin lura. Kilo 23 ne kowace jaka a ƙaramin tikiti, kuma akwatin kansa yana da nasa nauyi. Ka auna a gida, ka raba kayan daidai. In tikitinka na jaka biyu ne, to keken ya cinye su duka, tsarabar mutanen gida sai ka sayi jaka ta uku. Ka saye ta ta intanet tun kafin ranar, ta fi sauƙi a kan saye a filin jirgi.

Kada ka bari sai daren tafiya ka fara koyon shiryawa. Ka kwance, ka shirya, ka sake haɗawa ko sau biyu ne, kana ɗaukar hoton kowane hawa. Ka buga hotunan ka liƙa a cikin murfi, saboda masu bincike kan buɗe akwati bayan idonka, in ba su ga yadda kaya suke ba sai su danna su rufe. Ka naɗe kowane bututu da soso ko tsumma. Ka cire fedoji, ka cire abin sauya giya na baya ka ɗaure shi daban, don shi ke fara lanƙwashewa. Ka sa 'yan sandunan robar nan da ke tokare murfi daga ciki. Sifanar mahaɗan da giris ɗinta su shiga akwati, kada ka sa su a jakar hannu, za a iya karɓewa. Wannan sifanar ka kula da ita kamar fasfo, ba za ka same ta a kasuwar Gusau ba.

Wata 'yar uwa daga Samaru:
Ni kan akwatin zan yi magana. Na taɓa ɗaukar jakata a Abuja, sai da na isa gida na ga gefenta ya tsage, na koma suka ce ina shaidar a wurinsu ta fashe. Kai kada ka fita daga zauren kaya sai ka duba kowace kusurwa. In ka ga rauni, ka sa a rubuta maka rahoto nan take. Yarjejeniyar Montreal ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jiragen sama ta ba fasinja kwana 7 ya kai kuka a rubuce, amma wanda ya yi a wurin ya fi ƙarfin hujja. Ka riƙe rasidin saye kusa, kwastan za su so ganinsa.

Malam mai yawan zirga-zirgar Kaduna:
Jirgin Abuja zuwa Kaduna tun 2016 nake shiga. Tafiyar kilomita 186 ce, kuma ni ta fi mini kwanciyar hankali a kan titi. Tun da aka dawo da shi a Disambar 2022, bayan harin watan Maris na shekarar, ana neman lambar NIN wajen sayen tikiti, to ka tabbata taka tana hannu. Ka sayi tikiti da wuri, ka kuma sake duba jadawali ana gobe za ka tashi, yakan canza. Wahalarka ita ce hawa da sauka. Akwati biyu masu faɗi, ga jaka, ga cunkoso a ƙofa, mutum ɗaya ba zai iya ba. Kantar da ke saman kujeru ba ta irin wannan kaya ba ce, sai wurin ajiya na bakin tarago, kuma wanda ya riga shi ke samu. Ka sa wani ƙaninka ya tarye ka a Abuja ku shiga tare.

Direba a tashar Gusau:
Alhaji, gaskiya ni da za ka ji tawa da ka bar jirgin ƙasan. Ka hau na sama daga Abuja zuwa Sakkwato, mu ɗauko ka. Sauke-sauke shi ke kashe kaya. In kuma ta Rigasa ka nace, ka kwana Kaduna, ka yi sammako, Funtuwa da Tsafe a wuce su da rana tsaka. Ka biya kujerar baya don akwatunan. In ka bari yaran mota suka sa su a but, buhun masara za a ɗora musu a ja igiya.

Malam mai yawan zirga-zirgar Kaduna:
Direba ya faɗi gaskiya kan sammako. Sai dai jiragen cikin gida kilon da suke bayarwa bai kai na waje ba, sauran duk sai ka biya. Ka lissafa kafin ka zaɓa. Abin takaicin shi ne dogo ya ratsa Gusau har Kauran Namoda tun 1929, iyayenmu sun shiga, ga shi yau muna lissafin but.

Mai gyaran keke, Sabon Gari:
Ɗana, Malam ya koyar da ni aji uku, in dai shi ne wanda nake zato. Ka duba gefen tayarka ka gaya mini abin da aka rubuta. In 26 ce, alhamdu lillahi, akwai ta a nan. In ka ga 700, ka zo da taya biyu da tib ko huɗu. Kada wani ya ce maka ta Rali za ta shiga don ana ce mata 28, bakinta ya fi faɗi, ba za ta zauna a gargarenka ba. Ka duba bawul ma, in siririn nan ne famfonmu ba ya kama shi, ka taho da naka famfon. Wayar birkin baya ta keken mutum biyu doguwa ce, ka riƙo ta ajiya. Ƙaya kuwa ka san garinmu. Ka kawo shi shago mu haɗa tare, ba zan karɓi ko kwabo ba.

Gwaggo daga Kaura:
Duk kun yi maganar akwati, ni tambayata ɗaya ce. Hutunka sati nawa ne? In ka koma, wa zai hau gaba? Kada ka ɗanɗana wa bawan Allah iska sannan a jingine keken kusa da Ralin. Kuma ka tambaye shi tukuna, dattijo ne mai kunya, wataƙila ba zai so yara su bi shi suna kallo ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba mai gyara, na duba, 26 ce, bawul ɗin ne siriri. Gwaggo, maganarki ta hana ni barci, da asuba na kira mahaifinmu na faɗa masa komai. Ya yi shiru, can ya ce sirdin baya yana da taushi? Autanmu zai karɓi gaba. Sati uku gare ni, za mu fara ni da shi a filin makaranta, ya koyi faɗin "rami", "birki", "za mu tsaya" kafin ya yi, don na baya da kunne yake tafiya. Autan ne kuma zai tarye ni a Abuja. Direba, turo mini lambarka ta akwatin saƙo, kujerar baya gaba ɗaya nake so daga Kaduna.