Sau nawa ya kamata a riƙa sakin sabon zubin manhaja?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu rubuta manhaja. A ce manhajar lissafin shago ce ta Android, tana buga rasit ta ƙaramar na'ura mai Bluetooth. Wanne ya fi: a riƙa sakin gyara duk mako biyu, ko a tara sai bayan wata shida? Ƴan kasuwa na kukan forfe, wato kuɗin data, kuma ba sa son su wayi gari maɓalli ya canja wuri.

Mai Lambobi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wata shida ya yi tsawo, don ba kai kaɗai ke riƙe da kalandar ba. Google na fitar da sabon Android kowace shekara, kuma Play Store na bukatar duk sabuntawar da za ka tura ta dace da matakin API na kusa-kusa, wato lambar da ke nuna zubin Android ɗin da aka gina manhaja a kai. Wa'adin yakan faɗo ƙarshen Agusta. Na'urar rasit ɗin nan ma ta isa misali: daga Android 12, wato API 31, sai manhaja ta nemi izinin BLUETOOTH_CONNECT daga mai waya. In ka ɗaga mataki ba ka sa wannan roƙon ba, ana danna buga rasit sai manhajar ta rufe. Android 13 kuma ya ƙaro izinin sanarwa. Wanda ya tara waɗannan da gyare-gyarensa hamsin ya sake su rana ɗaya, in abu ya lalace ba zai gane mai laifin ba.

Ka raba aikin biyu. Gyaran tsaro da kuskuren lissafi su fita da zarar sun shirya. Canjin fuska, sau biyu a shekara ya isa, kuma kada ya zo gab da Sallah, lokacin da babbar kasuwa ke cike. A Play Console, shafin da ake tura manhaja zuwa Play Store, fara da kashi 5 cikin ɗari na masu amfani da ita, ka duba rahoton faɗuwa kwana biyu ko uku, sannan 20, sannan kowa. In ka ga matsala ka dakatar da sakin, amma dakatarwa ba ta janye zubin daga wayoyin da suka riga suka karɓa, sai ka tura wani mai lamba mafi girma.

Ƴar Zariya: Malam ya yi bayani, amma a nan Maraɗi da yawa ba ta Play Store suke sabuntawa ba, da Xender ake tura musu a rumfar mai caji. Mutum kan yi tsalle daga zubi na 3 zuwa na 9. Dole matakan sauya rumbun bayanai su bi jere, 3 zuwa 4, 4 zuwa 5, har ƙarshe, kuma a gwada su da ainihin tsohon fayil. In mataki ɗaya ya ɓace, littafin bashin mutum ne ya tafi. A kuma riƙe makullin sa hannu guda, wato hatimin da ke shaida mai manhajar: APK, fayil ɗin da ake girkawa a waya, mai wani makulli ba ya hawa kan tsohon, sai an goge, gogewa kuwa da bayanai take tafiya.

Mai Lambobi: Gaskiya ne, Hajiya. In akwai masu haɗa tasu manhajar da taka, ka ba su zubi mai daɗewa, kamar yadda Ubuntu, tsarin gudanar da kwamfuta, ke fitar da irinsa mai suna LTS duk shekara biyu da tallafin shekara 5, alhali zubin wata shida tallafinsa wata 9 ne. Kafin ka cire wata ƙofa da manhajarsu ke shiga taka ta ita, ka sanar da su, ka bar tsohuwar tana aiki aƙalla wata shida.