Neman shawara kan shiga manhajojin ofis da kalmar sirri sau ɗaya

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. A ofishinmu muna amfani da Active Directory, wato tsarin Microsoft na kula da asusun ma'aikata da kwamfutoci, amma kwamfutocin ma'aikata sun haɗa da Windows da Ubuntu da Mac. Muna son duk wanda ya shiga kwamfutarsa da safe ya riƙa buɗe manhajojin cikin gida a burauza ba tare da an sake tambayarsa kalmar sirri ba. Wace hanya kuke ganin ta fi?

Abu Hafsat: Wa alaikumus salam Malam. Ka riƙe Kerberos, wato tsarin da ke ba mai shiga tikitin shaida na kwamfuta, domin tun daga Windows 2000 shi ne ginshiƙin tantancewa a Active Directory, kuma tikitin da ma'aikaci ya samu lokacin shiga shi burauza za ta dogara da shi wajen gabatar da shi ga saba (server), wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. Na'urorin Ubuntu ka haɗa su da Active Directory ta hanyar manhajojin realmd da SSSD. Apple kuma ya saka ƙarin tsarin shiga sau ɗaya na Kerberos (Kerberos SSO extension) a Mac tun 2019. Kada ka koma ga NTLM, tsohon tsarin tantancewa na Windows, Microsoft ma ta sanar da barinsa.

Maman Khalil: Na yarda da Malam Abu Hafsat, sai dai ban ba da shawarar a yi wa kowace manhaja nata fayil ɗin keytab (fayil ɗin da ke riƙe makullin sirrinta na Kerberos) ba, saboda idan manhajojin suka yi yawa, sabunta makullansu kaɗai zai cinye maka lokaci. Ka kafa Keycloak, manhajar tantance masu shiga, a tsakiya, shi kaɗai ya karɓi tikitin, sauran manhajojin su yi magana da shi ta ƙa'idojin tantancewa na OpenID Connect ko SAML. Da haka wanda ya zo da waya, ko yake aiki daga gida, zai ga shafin shiga maimakon saƙon kuskure.

Baban Amira: Na gode Hajiya. Burauza fa, ita da kanta take aika tikitin?

Maman Khalil: Sai ka amince mata. A Firefox ka rubuta sunan yankinku (domain) a saitin network.negotiate-auth.trusted-uris, a Chrome kuma akwai saitin AuthServerAllowlist.

Abu Hafsat: Ka kuma daidaita agogon kowace na'ura da NTP, tsarin saita lokaci ta hanyar sadarwa, domin bambancin da ya wuce minti 5 yana sa a ƙi tikiti. Sannan sunan da ke cikin SPN (sunan da Kerberos ya san manhajar da shi) ya zama daidai da wanda DNS (tsarin da ke haɗa suna da lambar adireshin na'ura, wato IP) ke bayarwa, kuma a buɗe shafin da sunansa, ba da lambar IP ba.